Yatsa Ɗaya a Ɓangaren Direba

Ni ba na son a kawo mini mota ana ba ni labari. Ka hau da ita kan dakali, ka koma gefe ka kama bakinka, ita da kanta za ta faɗa mini abin da ke damunta. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran ƙafar mota. Ban san inji ba, ban san waya ba, ƙafa kawai na sani. Duk layin gareji an san ba ni da fara'a, amma ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki.

Ranar Litinin ɗin da a-kori-kurar Yaya ta shigo, sifanar da ke hannuna sai da ta faɗi ƙasa.

Fara ce a da, yanzu ta koma ruwan toka. 'Yarsa ce ke tuƙi. Kwandasta muke ce mata, don tun tana shekara biyar take zama gefen ubanta tana gaya masa inda zai tsaya. Yanzu ta haura ashirin da biyar, sunan bai bar ta ba. Wata huɗu ke nan da rasuwar Yaya, kuma a cikin motar nan ya cika, a nan garejina, a kan wannan dakalin. Tun ranar da aka ja ta aka kai gida ban sake sa ta a ido ba.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya. Wa ya ce ki tuƙo wannan?"

"Ba wanda ya ce. Masu gidan kajin sun ce in zan iya ci gaba da rarraba ƙwan da Baba yake kai wa shaguna, hanyar tawa ce. Ranar Asabar zan fara. In ban je ba su ba wani."

"To, sai aka yi yaya?"

"Motar ta karkace, Baffa. Tsaya daga gaba ka gani."

Ba sai na tsaya ba, tun tana shigowa na gani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ɓangaren direba ya sunkuya kamar mai ciwon kafaɗa. Na ce ta fito, na ƙwala wa Mai Faci kira, maƙwabcina ne, shagonsa na jingine da nawa, ya zo ya daidaita iskar tayoyin huɗu. Ba a awon mota da taya ɗaya mai yunwa. Dakalin kuwa ni na zuba simintinsa da hannuna, na auna shi da tiyo mai ruwa, ko ƙwai ka ajiye a kai ba zai gangara ba.

Na ɗauko tef. Daga tsakiyar taya zuwa leɓen madigadi, ɓangaren fasinja, na rubuta da alli a ƙasa. Na zagayo ɓangaren direba na auna. Ya gaza ɗan'uwansa da santimita ɗaya da 'yar ɗoriya, kaurin ƙaramin yatsana. Kuma ba kowa a cikin motar.

Irin waɗannan motocin ba su da sifirin a gaba. Wani dogon ƙarfe ne a kowane ɓangare, ya taso daga ƙafa ya miƙe har tsakiyar mota, a ƙarshensa akwai noti. Ka ɗaure notin, ɓangaren ya ɗago. Ka sassauta, ya sauka. Aikin ke nan, sai dai mutum ya san nawa zai ɗaure, kuma don wa. Ni ba na daidaita mota a kan kowa da kowa. Sai na fara mayar da notin biyu daidai da juna motar tana wayam, sannan mai ita ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya motsa, ni kuma in ɗago ɓangarensa gwargwadon nauyinsa. In na gama in buga madigadi in ce ya sauko. Masu gaggawa suna ce mini mai tsirfa. Su suka sani.

Na kwanta a kan kwali na shiga ƙarƙashi. Notin biyu suna nan da alamar farin fenti da na sa musu da hannuna wata huɗu da suka wuce. Na ƙirga juyin da aka yi wa kowanne, daidai suke, ba wanda ya taɓa su. Wato motar nan ya kamata ta tsaya cak, ba karkata ko ta gashi.

A nan kwance ranar da na sa fentin nan ta dawo mini.

Ni da Yaya shekara uku ba ma ga-maciji. Lokacin da Innarmu ta kwanta ciwon ajali ina wani gari wurin aiki, shi ne a kanta, ya ɓoye mini. Wai kada hankalina ya tashi. Sai da ta cika ya kira ni. Na zo na tarar an gama komai. Na ce masa daga yau ba ni ba shi, kuma ni in na faɗi magana ba na lashe ta. Ya aiko mutane, na kore su. Ya zo da kansa sau biyu, na bar masa garejin.

Ranar nan da hantsi na hango motarsa tana shigowa. Kafin ya kashe inji na riga na shige ƙarƙashinta, don kada ma mu haɗa ido. Ƙafafunsa kawai na gani da ya sauko, da gefen babbar rigarsa. Ya ce motar ta daina zama daidai da shi, in duba masa. Na mayar da notin biyu daidai, na sa fenti, ban ce uffan ba. Sai na ji muryarsa daga sama, a hankali.

"Auta, akwai maganar da nake so mu yi."

Auta yake ce mini, ko da furfura ta cika mini gemu. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ni aiki ka kawo mini. Shiga ka zauna, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka motsa sai na ce ka sauko."

Na ji ya shiga, ƙofa ta rufe. Ni kuma na sulale ta ɗaya ɓangaren, na tafi bayan gareji wurin wata motar. Na ce bari ya ɗanɗana jira, ya ji yadda ake ji. Na kwance shokaziba biyu, na ci abinci, har na ɗan kishingiɗa a kan benci. Da na dawo rana ta karkata. Yana zaune yadda na ce, hannu biyu a kan sitiyari, kansa a sunkuye, hula ta rufe masa fuska. Na buga masa tsawa ta taga, bai ɗago ba. Ihuna ne ya tara mutane, su suka ciro shi. Ni ban iya matsawa kusa ba, ko wurin wanka ban shiga ba, na ce jiri nake ji. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce minti goma na bar shi, na je ɗauko sifana. Awa biyu da rabi ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

"Baffa, ka ga matsalar?" Kwandasta ta leƙo.

"Ƙarfe ne ya gaji," na ce mata. "Shiga ki zauna, ki riƙe sitiyari."

Da ta zauna, ɓangaren ya sauka yatsa biyu. Na sa sifana na fara ɗaurewa ina ƙirgawa. Yarinyar nan ba ta da jiki, irinta juyi huɗu ya ishe ta, in ya yi yawa biyar. Na yi biyar, na fito, muka tura motar gaba da baya don ƙafa ta zauna, na auna, da saura. Na yi bakwai, da saura. Sai a na tara tef ya yarda. Juyi tara kuwa na san shi kamar yunwar cikina, shi nake yi wa Yaya lokacin da yake cikin ƙibarsa, kilo ɗari da goma, in ya shiga mota sai ta yi nishi.

Na ga wannan da idona, na yi kunnen uwar shegu. Na buga madigadi na ce ta sauko, an gama. Abin da nake zagin wasu a kai shi na yi: ban nemo dalilin karkatar ba, na rufe ta da noti.

Washegari da azahar sai ga ta ta dawo. Bamba ta lotse, fitila ɗaya ta fashe, goshinta ya yi ƙulu kamar ƙwan da take shirin ɗauka.

"Me ya faru?"

"Na fita gwada hanyar ne. A kwanar gada sitiyarin ya ƙi juyawa. Da ba don tarin yashin da ke bakin gadar ba, da yanzu wani labarin ake yi."

"Ya ƙi juyawa kamar yaya? Ke dai ki ce hannunki bai faɗa ba."

"Baffa, tun ina shekara sha shida nake tuƙa motar nan." Ta kalle ni ido cikin ido, irin kallon ubanta sak. "A ƙananan kwana ina kokawa da shi ya bi. A babbar ya cije. Ba tauri irin na ƙarfe ba ne. Kamar wani ne ya riƙe shi a miƙe, ni ina ja yana ja."

Na ɗaga gaban motar da jak, na zura hannu ta taga na juya sitiyarin. Ya tafi dama ya tafi hagu, sumul, amma da na sake shi sai ya dawo tsakiya da kansa ya tsaya. Tayoyi a sama suke, ba abin da zai dawo da shi. Na sake juyawa, ya sake dawowa, a hankali, ba gaggawa. Na sauke jak ɗin.

"Ki bar motar nan a nan. Ba za ki sake hawanta ba sai na ce."

"Ranar Asabar da sassafe zan zo in ɗauka, Baffa, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Ƙannena uku ne, ga Mama. Ba zan zauna ina kallon hanyar Baba ta tafi hannun wani ba."

"Kashe kanki za ki yi!"

"To ka gyara ta."

Taurin kai a gidanmu gado ne, ba wanda aka ƙwara. Na san za ta aikata. Kuma hanyar ƙwan nan na san ta, kwana ce bayan kwana, wani wurin rami ne a gefe. Na riga na bar uban ya mutu a kan dakalina. In 'yar ta fita da motar nan haka, ni ne na tura ta.

Ranar Laraba ban karɓi aikin kowa ba. Na ce bari in bi ta hanyar hankali, ni ba mai yarda da tatsuniya ba ne, wanda ya mutu ya tafi, kowa ya san wannan. Na sayo sababbin ƙarafa biyu na sa. Na canza shokaziba biyu da duk robobin ƙafa. Na kwance akwatin sitiyari na duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Na auna firam da zare ko ya murɗe, bai murɗe ba. Na kwashe duk tarkacen cikin motar, har da tsohon bargon da ke bayan kujera. Na mayar da notin biyu daidai da juna, muka tura ta gaba da baya ni da Mai Faci, na ɗauko tef.

Yatsa ɗaya a ɓangaren direba. Ko gezau.

"Kai, Mai Ƙafa, yau an gamu da gamo," in ji Mai Faci yana dariya. "Ko dai tef ɗin naka ne ya tsufa kamar mai shi? Kawo in gani."

Ya auna da kansa. Ya ce dakalin ne ya zauna. Muka juya motar ta fuskanci titi, yadda ɓangaren direba zai koma ɗaya gefen. Muka auna, karkatar ta bi direba, muka mayar da motar yadda take. Sai ya buɗe ƙofar ya ce bari ya zauna ya ji ko kujerar ce ta karye. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya. Ya daɗe a haka yana kallon kujerar. Sannan ya janye ƙafarsa, ya rufe ƙofar a hankali da hannu biyu, yadda ake rufe ɗakin mara lafiya.

"Lafiya?" na ce.

"Na tuna na bar faci a kan wuta," ya ce. Bai sake leƙowa ba ranar.

Ranar Alhamis da tsakar rana Kwandasta ta zo ganin inda aka kwana. An ɗauke wuta, masu walda duk sun yi shiru, zafi ya kori kowa cikin inuwa. Layin da ba ka jin maganar na kusa da kai don ƙara, ranar har kukan kwanon rufi kana ji yana miƙewa a rana.

Ni kuwa na riga na yanke shawara. In nauyi ne ke danne ɓangaren nan, to nauyi yana da adadi, kuma adadi aikina ne. Akwai buhun siminti da na saya don gyaran bakin rami. Na ce ta kama mini, muka ɗora shi a kujerar fasinja. Muka tura motar gaba da baya. Na auna. Saura kaɗan, kamar kaurin farce biyu. Na ɗauko ƙaramin jak ɗina na ɗora a kan buhun, na sake aunawa. Ɓangare biyu suka zo daidai, ba ƙari ba ragi.

"Me kake yi ne, Baffa?"

"Awo nake yi. Buhu kilo hamsin ne. Jak ɗin nan huɗu ne, na sani don a rubuce yake a jikinsa. Duk abin da ke kan kujerar can, hamsin da huɗu ne." Har wani sanyi na ji a raina da na faɗa. Na yi 'yar dariya. "Kin ga ke nan ba abin da nake tsoro ba ne. Ubanki ɗari da goma ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta dafa bodin motar.

"Hamsin da huɗu ne awonsa na ƙarshe a asibiti. Ni na rubuta a katinsa."

"Ke, kiyaye ni! Yaya ne hamsin da huɗu? Mutumin da sai ya karkace yake shiga ƙofa?"

"Wata takwas yana jinya, Baffa. Ciwon ya cinye shi. Riga biyu yake sawa da rigar sanyi a ciki don kada a gane. Daga ni sai Mama muka sani." Ta ƙura mini ido. "Ai ka sani. Ya gaya maka ranar."

Na sunkuya ina naɗe tef, ta ci gaba.

"Don haka ya zo. Likita ya hana shi tuƙi, na ce in kawo shi, ya ƙi. Ya ce, abin da na yi wa Auta a kan Inna ba zan sake yi masa a kaina ba, da bakina zan gaya masa, motar ma dalili ce kawai don ya saurare ni. Mu duk a zatonmu kun yi maganar kafin ya cika. Mama kullum cewa take, alhamdulillahi, ya tafi sun shirya da ƙaninsa. Baffa, ba ku yi maganar ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a bakin dakali, na gaya mata komai. Yadda na shige ƙarƙashin mota, yadda ƙafafunsa kawai na gani, abin da ya ce da abin da na ce. Ban rage ko ɗaya ba, har cin abincin da kishingiɗar.

"Minti goma ka ce mana."

"Ƙarya na yi."

"Nawa ne?"

"Awa biyu da rabi."

"A cikin wannan zafin? Gilashi a rufe?"

"Ɗaya a buɗe yake," na ce, kuma ina faɗa na ji kunyar kaina ta rufe ni, wai har ina neman sauƙi da gilashi ɗaya.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini. Ta juya mini baya ta tafi har bakin titi, na ce shi ke nan, ta tafi gaya wa uwarta, kuma daidai ne. Ta daɗe a can tsaye cikin rana. Sannan ta dawo ta tsaya a kaina.

"Baba bai taɓa saɓa maka a kan aikin mota ba. Kullum cewa yake, in Auta ya ce ka zauna, ka zauna, shi ya san abin da yake yi. Ka ce kada ya motsa, Baffa. To bai motsa ba." Ta nuna motar da hannu. "Ni ban san me ke cikin motar nan ba, kuma ba na son in sani. Amma ba ni na sa shi riƙe sitiyari ba, ba ni zan ce ya saki ba. Zancen yafiya kuma kada ka tambaye ni yau."

Na tashi. Na sauke jak ɗin, na rungumo buhun simintin ni kaɗai na jefar a ƙasa. Na miƙa mata tef, na nuna mata inda za ta sa bakinsa da inda za ta karanta. Na ce ta tsaya a gaba ta riƙa auna ɓangare biyun tana gaya mini.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Shekarata hamsin da takwas, amma na lallaɓa wurin ƙofar kamar ɓarawo. Na buɗe ɓangaren fasinja na shiga na zauna, na ja ƙofar. Ni da ma ƙashi da rai ne, ban taɓa haura hamsin da biyar ba.

"Daidai take, Baffa," ta ce daga waje. "Duka biyun daidai."

Cikin motar zafi kamar tanda. Ban iya juyawa na kalli kujerar ba, gaba na kalla, ta gilashin da ya yi ƙura. Daga nan kana ganin bayan garejin sarai, har da bencin da na kishingiɗa a kai. Wato yana kallona ranar. Duk awa biyu da rabin nan yana ganina, bai danna ham ba, bai buɗe ƙofa ba.

"Yaya," na ce. Muryar da ta fito ban san ta ba. "Ga ni. Na zo. Faɗi maganarka, ina ji."

Ba abin da na ji, kada in yi muku ƙarya. Ba murya, ba motsi. Amma na yi shiru na saurara, irin sauraron da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, har gumi ya jiƙa mini riga. Na ba shi lokacin da zai ishi mutum ya faɗi cewa ba shi da lafiya, ya faɗi tun yaushe, ya faɗi abin da likita ya ce. Da na ga kamar ya isa, sai na amsa.

"Na ji. Da ka gaya mini tun da wuri, amma ni na toshe ƙofar, ba kai ba. Maganar Inna ta wuce, wallahi ta wuce, na san don ni ka yi. Ni ne ban kyauta ba. Na bar ka cikin rana kamar wanda ba shi da kowa." Na share fuskata da hula. "Aikin ya ƙare, Yaya. Saki sitiyarin. Yarinyar nan ce za ta tuƙa yanzu, kuma ta iya, kai ka koya mata. Ni zan daidaita mata motar da hannuna, ba zan bar ta ta jira ba."

Na miƙa hannu ta taga na buga jikin ƙofar sau biyu, yadda nake buga madigadi in an gama.

Da farko ba komai. Sai robar sitiyarin ta yi wata 'yar ƙara, irin ta abin da aka daɗe ana matsewa aka saki. Kujerar gefena ta numfasa. Sannan na ji motar tana tafiya da ni a hankali, a hankali, kafaɗata ta jingina da ƙofa ba da nufina ba. Ƙarfen ƙarƙashi ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru.

Na ji takun Kwandasta ta koma wancan ɓangaren, ta dawo wannan, ta sake komawa. Tef ɗin yana karkarwa a jikin madigadi.

"Baffa." Ta tsaya. "Yanzu ɓangarenka ne a ƙasa."

"Na sani."

Na sa yatsa ɗaya na tura sitiyarin. Ya tafi har ƙarshe ya tsaya a can, bai dawo ba. Abin da na kwana huɗu ina nema ke nan, yarinyar ta tsira, ya kamata in yi murna. Amma sai a lokacin na gane wata huɗun nan duk yana nan inda zan iya zuwa in zauna kusa da shi, ban je ba, yanzu kuma ni na sallame shi da bakina. Kukan da ban yi ranar jana'izarsa ba ya taso mini tun daga ciki, na kifa kaina a kan gwiwa.

Ta zo bakin tagar. Na ce ta ba ni minti biyar in fito in daidaita mata. Ta koma inuwa ta zauna a kan buhun siminti da tef a hannunta. Ta ba ni har la'asar.